Nazarin lamari: manomin shinkafa, magungunan hawan jini biyu, da haɗin kemis a cikin azumi

Mara lafiyar namiji ne mai shekara 61, manomin shinkafa a wani ƙauye da ke bakin fadama a ƙasar Argungu. Alhaji ake ce masa a gida, haka za mu kira shi a nan. 'Ya'yansa biyu suka kawo shi asibiti a mako na uku na azumin 2024, wato ƙarshen watan Maris, bayan ya yanke jiki ya faɗi yana ƙoƙarin miƙewa daga sallar la'asar. Kwana biyu ke nan yana zawo, kuma bai ajiye azumi ba. Babban ɗansa ya ce tun daren jiya bai ga Baba ya ɗauki buta ba. Likitan ɗakin maza ne ya jagoranci jinyar. Ni mai harhaɗa magunguna ne, nawa aikin shi ne gano abin da mutumin ke sha, da ba da shawara a kan abin da zai sha nan gaba.

Awon jininsa a kwance 96 bisa 60 ne. Da aka zaunar da shi ya sauka zuwa 82 bisa 54, jiri ya kwashe shi. Zuciya tana bugawa sau 108 a minti, harshe ya bushe ƙamas, idanu sun faɗa. Babu karkacewar baki, hannu da ƙafa suna motsi, magana tana fita daidai. Wannan ya ɗan sanyaya ran 'ya'yan, don tun a mota sun yanke cewa shanyewar ɓarin jiki ce. Abin da ya ɗaure musu kai shi ne yadda mutumin da kowa ya sani da hawan jini zai zo jininsa ya faɗi ƙasa haka.

Gwajin jini ya ba da amsa. Kiriyatinin, dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, ya kai 312, alhali na lafiyayyen namiji ba ya cika wuce 110. Fotasiyam 6.2, shi kuma gurbinsa tsakanin 3.5 ne da 5.0, in ya yi yawa yana iya rikita bugun zuciya har ta tsaya. Suga 9.4, wanda ya yi yawa a jikin wanda ya wuni bai sa komai a baki ba. Babu zazzaɓin cizon sauro. Takardar awon zuciya ta nuna alamar da yawan fotasiyam ke bari, da kuma kaurin tsokar zuciya ta hagu, irin wanda ake gani idan jini ya yi shekaru yana hawa. An sa robar fitsari, abin da ya fito bai cika rabin kofin shayi ba. Hoton ciki ya nuna babu toshewar hanyar fitsari irin wadda ke samun dattawa. A taƙaice, ƙodarsa ce ta sami rauni na farat ɗaya.

Yadda aka zo nan

An fara gano hawan jinin a 2019, wajen gwajin maniyyata aikin Hajji, aka sami 166 bisa 102. Aka rubuta masa lisinopril miligiram 10 da Moduretic, maganin hawan jini mai sa fitsari, ƙwaya ɗaya kullum. Bayan dawowarsa daga Makka bai sake komawa wurin likita a kan maganar ba. In magani ya ƙare sai ya ba yaro fankon kati, a nuna wa mai kemis a ce a ba da irinsa.

Kamar wata biyu da farawa tari ya kama shi, busasshe, babu majina, ya fi tashi da dare. Aka ce sanyin na'urar masaukin alhazai ne. Da ya ƙi tafiya aka ce ƙurar sussukar shinkafa ce. Ya sha kwalaben maganin tari ba adadi, ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta, sau biyu ana gwada kakinsa don tarin fuka ba a sami komai ba. Shi da kansa ya gano bakin zaren, sai dai bai gaya wa kowa ba sai da na tambaye shi a gadon asibiti.

“Likita, in na bar 'yar ƙaramar ƙwayar nan kwana goma, tarin na lahwawa. In na koma mata shi ma ya dawo. Shi ya sa nike barinta sai na ji ƙeya ta yi mini nauyi.”

Gaskiyarsa ce game da tarin. Lisinopril yana aiki ne ta hanyar toshe sinadarin da ke samar da anjiyotensin, wanda ke matse jijiyoyin jini. Amma sinadarin da aka toshe ɗin shi ne kuma ke share wani abu mai suna biradikinin. In babu mai sharewa sai ya taru ya riƙa tsokanar maƙogwaro. Kusan mutum ɗaya cikin goma masu shan irin wannan magani suna samun tarin, kuma babu ruwan maganin tarin da ke kwantar da shi, sai an canza maganin. Akwai ma abin da ya fi tari haɗari, wato kumburin leɓe da harshe farat ɗaya, wanda ya fi samun baƙar fata, duk wanda ya ga haka ya nufi asibiti nan take. Alhaji bai taɓa samun wannan ba.

Inda ya kauce shi ne maganar ƙeya. Hawan jini a mafi yawan lokaci ba ya sanarwa. Mutum na iya yawo da 170 yana cin kasuwarsa lafiya lau, wata rana kuma kai ya sare shi alhali jininsa daidai yake. Don haka shekara huɗu da wani abu Alhaji ya yi yana shan magani kwana biyar, ya huta wata guda. Kaurin zuciyar da muka gani shaidar waɗannan shekarun ne.

Ledar da ba a kawo ba

A ranar farko na ce a kawo duk abin da yake sha. Aka kawo kati biyu, lisinopril, yanzu miligiram 20, da Moduretic. Waɗannan biyun tare da zawo da azumi sun isa su faɗar da jini, amma ban gamsu sun isa su kai ƙoda ga wannan hali ba, kuma ba su bayyana sugan nan ba. Ga kuma fuskarsa, ta yi cika-cika, kumatu sun tasa, alhali hannu da ƙafa sirara ne. Uwargidansa ta ce ai ƙibar kwanciyar hankali ce, tun bara ya fara ta.

Na canza tambaya. Maimakon “wane magani kake sha”, sai na ce, “Baba, da wannan gwiwar taka yaya kake tsayuwar asham?”

Ya yi murmushi. “Akwai wani ɗan haɗi da yaron kemis ka ba ni. Wanga ai ba na asibiti ba ne, na gajiya ne.”

Ƙaramin ɗan ya koma gida ya ɗauko daga aljihun rigar da ke rataye. Ƙullin farar leda ne, kowane ƙulli ƙwaya biyar tsirara, babu kwali babu suna. Sai da yaron ya je kemis ɗin ya ɗauko mana hoton gwangwanayen a waya muka tabbatar: magungunan ciwon jiki uku, wato diclofenac, ibuprofen da paracetamol, sai ƙwayar ƙarin jini, da wata 'yar mitsitsiyar fara, dexamethasone, wadda ke cika fuska idan an daɗe ana sha. Tun ƙarshen 2022 gwiwoyi da ƙugu suka matsa masa, yake shan ƙulli ɗaya kusan kullum. Da azumi ya kama ya mayar da shi biyu, ɗaya bayan buɗa-baki don asham, ɗaya da sahur don fita fadama, lokacin kuwa shinkafar rani tana tsakiyar neman ruwa.

Daga nan labarin ya haɗu. A watan Janairu na 2024 ciwon kai ya kai shi wani ƙaramin asibiti, aka auna 178 bisa 104. Aka ce masa jininsa ya ƙi jin magani, aka ninka lisinopril. Ba a yi gwajin ƙoda ba, ba a tambayi ko yana shan na dā ɗin kullum ba, ba a tambayi ko akwai wani abu a gefe ba. Shi kuwa ya tsorata, don wani abokinsa bai daɗe da shanyewa ba, sai ya fara sha kullum ba fashi, karo na farko tun 2019, tari ko ba tari.

A ganina nan ne mahaɗar lamarin gaba ɗaya. “Jinin ya ƙi jin magani” magana ce mai sharaɗi. Likitoci ba sa faɗinta sai mutum yana shan magani iri uku daban-daban, cikinsu har da mai sa fitsari, a cikakken ma'auni, an kuma tabbatar yana sha da gaske, amma jini bai sauka ba. Alhaji bai cika ko ɗaya ba. Lambar nan ta 178 tana da dalilai uku a fili: ba ya shan maganin a kai a kai, diclofenac da ibuprofen suna sa jiki riƙe gishiri da ruwa suna kuma rage ƙarfin lisinopril da mai sa fitsari, dexamethasone shi ma yana ɗaga jini yana ɗaga suga. Da an cire ledar, an canza maganin da ke sa shi tari, mai yiwuwa da ba a buƙaci ninka komai ba.

Abin da ya faru a cikin ƙodar

Na yi wa 'ya'yan bayani da abin da suka sani, injin ban-ruwa. Ƙoda matata ce, ba ta tacewa sai da ƙarfin turin jini a cikinta. Akwai jijiyar da ke shigo da jini, akwai wadda ke fitar da shi. Idan ruwa ya yi ƙaranci a jiki, ƙoda tana da dabara biyu na kare kanta: ta buɗe hanyar shigowa da taimakon furostagilandin, ta kuma ɗan matse hanyar fita da taimakon anjiyotensin, don turi ya tsaya a tsakiya. Diclofenac da ibuprofen suna hana furostagilandin, wato an take tiyon da ke jawo ruwa. Lisinopril yana hana anjiyotensin, wato an saki bakin fita warwar. Moduretic kuma yana rage ruwan rijiyar kanta. Sai ga zafin Maris na ƙasar Kabi da ke haura digiri 40, ga wuni a fadama ba kurɓar ruwa, ga zawo. Injin yana ta kuka amma babu abin da yake ja.

Fotasiyam kuwa ta ko'ina aka tura shi sama. Moduretic haɗin magani biyu ne, hydrochlorothiazide miligiram 50 da amiloride miligiram 5, kuma aikin amiloride ɗin shi ne riƙe fotasiyam. Lisinopril yana riƙe shi, magungunan ciwon jikin nan suna riƙe shi, ƙodar da za ta fitar kuma ta tsaya. A nan zan faɗi ra'ayina game da Moduretic, wanda ya zauna daram a kemis-kemis ɗinmu tun zamanin iyayenmu: miligiram 50 na hydrochlorothiazide ya yi yawa a ma'aunin yau, inda 12.5 zuwa 25 ake bayarwa, kuma haɗa shi da lisinopril ba tare da gwajin jini ba ganganci ne. Maganin ba shi da laifi a inda ya dace. Laifin shi ne a bar dattijo da shi shekaru, yana saye da fankon kati.

Jinyar kanta ba ta da wani abin mamaki. An dakatar da lisinopril, Moduretic da haɗin. An yi ƙarin ruwa ana lura da fitsari da huhu. An yi allurar kalsiyam don kare zuciya, da insulin tare da ruwan suga don tura fotasiyam cikin ƙwayoyin jiki. Dexamethasone ne kaɗai ba a yanke kai tsaye ba, domin wanda ya daɗe yana shan irinsa jikinsa yana rage ƙera nasa, in aka tsayar farat ɗaya jini na iya faɗuwa warwas. Likita ya ba shi hydrocortisone ta allura, daga baya ya mayar da shi kan prednisolone, dukansu dangin dexamethasone ne, ana ragewa sannu a hankali cikin makonni. Fitsari ya fara zuwa a daren farko. Kwana uku kiriyatinin ya sauka zuwa 190, fotasiyam 4.8, maganar kai shi wankin ƙoda Birnin Kebbi ko Sakkwato ta wuce. An sallame shi rana ta shida ba tare da wani maganin hawan jini ba, aka ce ya ajiye sauran azumin ya rama daga baya, rangwamen da aya ta 185 a Suratul Baƙara ta yi wa mara lafiya.

Gardamar komawa kan magani

Kwana goma bayan sallama ya dawo, jini 164 bisa 98, kiriyatinin 128. Babban ɗan, malamin makaranta ne, ya zo da hukuncinsa a hannu.

“Yallaɓai, mu dai mun yi shawara a gida. Maganin hawan jinin nan shi ya taɓa wa Baba ƙoda. A bar shi haka nan, za mu riƙa ba shi tafarnuwa da zoɓo.”

Wannan magana ta yaɗu a gari, kuma ba a banza ba, don ga shi sun gani da idonsu. Ban ce masa ƙarya ne ba. Na ce magunguna huɗu ne suka haɗu da ƙishirwa, biyu daga cikinsu ma ba na hawan jini ba ne. Na nuna masa takardar awon zuciyar mahaifinsa. Hawan jinin da aka bari ba magani yana cikin manyan abubuwan da ke kai mutane wankin ƙoda na dindindin, tare da ciwon suga, kuma shi ne kan gaba wajen jawo shanyewar ɓarin jiki. Ƙodar da ta taɓu sau ɗaya ta fi kowace buƙatar a sauko mata da jini. Alhaji ne ya raba gardamar: “Ka bari a ba ni, in dai ba mai tarin nan ba ne.”

Zaɓin bai yi wuya ba. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ta ce a fara magani idan jini ya tabbata 140 bisa 90 ko sama, ta kuma ambaci gidaje uku da ake farawa da su: masu sa fitsari dangin thiazide, masu hana anjiyotensin kamar lisinopril da losartan, da masu sassauta jijiya ta hanyar toshe kalsiyam kamar amlodipine. Sai dai gidajen ba sa aiki daidai wa daida a jikin kowa. Baƙar fata da yawa hawan jininsu na gishiri da ruwa ne, sinadarin renin, wanda ke fara samar da anjiyotensin, ba shi da yawa a jikinsu, shi ya sa lisinopril shi kaɗai ba ya cika saukar musu da jini kamar yadda amlodipine ko thiazide ke yi. Babban binciken ALLHAT na Amurka, wanda aka wallafa a 2002 a kan mutum sama da dubu 33, ya nuna cewa a cikin baƙar fata waɗanda aka ɗora kan lisinopril sun fi samun shanyewar ɓarin jiki fiye da waɗanda aka ba mai sa fitsari. A nan gida kuma akwai binciken CREOLE na 2019, wanda Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, da mutum 728. An gwada haɗi uku na magani bibbiyu, aka ga haɗin da ke da amlodipine a ciki, ko da hydrochlorothiazide ko da perindopril, ya fi saukar da jini a wata shida fiye da haɗin perindopril da hydrochlorothiazide. Perindopril ɗan gidan su lisinopril ne. Wato haɗin da ya zo na ƙarshe a binciken kusan shi ne abin da Alhaji ya yi shekaru a kai. Tsarin da Najeriya ta ɗauka don asibitocin matakin farko shi ma da amlodipine miligiram 5 yake farawa, sannan a ƙara losartan idan bai isa ba.

Ga Alhaji musamman, amlodipine yana da abubuwan da suka dace da halinsa. Hanta ce ke sarrafa shi, ba a rage ma'auninsa don raunin ƙoda. Ba ya taɓa fotasiyam. Ba ya sa fitsari, wanda ke da muhimmanci ga mai wuni a rana. Yana daɗewa a jiki, sai bayan awa 30 zuwa 50 rabinsa ke fita, don haka jinkirin 'yan awoyi ba ya ɓata aiki. Wannan daɗewar ce kuma ke sa ba a ganin cikakken tasirinsa sai an yi mako ɗaya ko fiye, abin da na nanata wa ɗan, don sun sayi na'urar awo ta hannu kuma na san za su auna washegari su ce bai yi ba.

An fara da miligiram 5. Bayan wata guda 152 bisa 92, likita ya ɗaga zuwa 10. Bayan mako uku sai ga kira da dare: ƙafafun Baba sun kumbura, ƙodar ce ta dawo. Wani maƙwabci har ya kawo musu Lasix, maganin sa fitsari.

Da suka zo muka duba da kyau. Kumburin a idon sawu biyu ne, daidai da juna, yana tasowa da yamma, da asuba ya sace. Takalmin da ya shiga da safe yakan matse shi bayan la'asar. Babu haki, yana kwanciya a miƙe ba sai an tara masa matasai ba, fuska ba ta kumbura, huhu a washe, kiriyatinin 121. Wannan kumburin amlodipine ne. Maganin yana buɗe ƙananan jijiyoyin da ke kai jini ƙafa fiye da yadda yake buɗe masu mayar da shi, sai ruwa ya ɗan tsattsafo cikin nama. Ba ruwa ne ya yi yawa a jiki ba, shi ya sa Lasix ba ya magance shi, sai dai ya busar da mutum, a jikin Alhaji kuwa busarwa ita ce abin da ake gudu. Kumburin ya fi zuwa a miligiram 10 fiye da 5, kuma yana raguwa idan aka haɗa da ɗan gidan su losartan.

A nan muka ɗan ja da likitan. Shi yana son a mayar da amlodipine 5 a ƙara losartan 50. Ni na yi ɗari-ɗari, don losartan ta fuskar ƙoda da fotasiyam halinsa ɗaya da lisinopril, kuma mutumin bai cika wata uku da fita daga wancan hali ba. Hujjarsa ita ce gwajin fitsari ya nuna furotin yana zuba sau biyu a jere, kuma wannan gidan magani ne aka tabbatar yana rage zubar yana kare ƙoda a tsawon lokaci. Ga shi losartan ba ya tara biradikinin, da wuya ya sa tari. Magana ta tsaya a kan sharuɗɗa. Za a sake gwajin jini bayan mako biyu, in kiriyatinin ya tashi da abin da bai kai kashi 30 cikin ɗari ba a ci gaba, in ya wuce a tsaya. Babu Moduretic, babu haɗi, babu haɗa shi da ragowar lisinopril ɗin da ke gida. Sannan duk ranar da zawo, amai ko zazzaɓi mai hana ci da sha ya kama shi, ya ajiye losartan har sai ya yi kwana biyu yana ci yana sha daidai. Wannan na ƙarshen muka rubuta da ajami a bayan katinsa, don shi yake karantawa. Gwajin mako biyu ya fito 129, fotasiyam 4.7, aka ci gaba. Kumburi ya tafi cikin kwana goma.

Maganar ragowar lisinopril ta tono wani abu. Ashe amaryarsa, mai shekara talatin da 'yan kai, takan ɓalli ɗaya ta sha idan kanta ya yi ciwo, tunda “na hawan jini ne”. Lisinopril da losartan duka suna lalata ƙodar ɗan tayi, ba a ba mai ciki ko mai neman ciki. Masu juna biyu methyldopa ake ba su, ko nifedipine, ko labetalol, shi ma a hannun ma'aikatan awo. An auna ta, jininta 118 bisa 74, ba ta da hawan jini ko kaɗan.

Tukunya da azumi na gaba

Da uwargida muka yi maganar gishiri, don ita ke riƙe da madafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a dukkan abin da ya ci. Ta ce ai ba ta sa gishiri da yawa. Da muka bi miyar ɗaya bayan ɗaya sai ga dunƙulen magi shida a tukunya guda, ga kanwa a miyar kuka da kunu, ga yajin da Alhaji ke barbaɗawa a kan komai, shi ma da gishiri da magi aka daka shi. Kanwa sodiyam ce a cikinta kamar gishiri, mutane da yawa ba su san haka ba. Ta rage dunƙule zuwa biyu ta ƙara daddawa da albasa, wadda ba a rasa ta a ƙasar da ke da Aliero. Na hana su gishirin kanti da ake cewa na masu hawan jini ne, don da fotasiyam ake yin sa, bai dace da mai shan losartan da raunin ƙoda ba. Zoɓo kuwa na ce a sha, an yi gwaje-gwaje da suka nuna yana ɗan saukar da jini, amma ƙarfinsa a kofi ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma wanda aka cika wa sukari ya ɓata rawarsa da tsalle. Sugan Alhaji dai ya koma 5.6 bayan an gama janye prednisolone, kumatun ma suka faɗa.

Kafin azumin 2025, cikin Sha'aban, ya zo aka yi gwaji. Likita ya amince ya gwada azumin bisa tsari: magungunan biyu bayan buɗa-baki idan ya sha ruwa ya ci abinci, ruwa isasshe tsakanin magariba da sahur, fadama da sassafe kawai, aikin rana na yara ne. Idan jiri ya zo, ko fitsari ya ragu sosai, ko lambar sama ta awon jini ta sauka ƙasa da 100, ya karya. Ya sha ruwa kwana biyu a tsakiyar watan saboda zazzaɓi da amai, ya ajiye losartan kamar yadda aka rubuta, ya kira ɗansa ya kira mu. Sauran ya kai su lafiya.

A zuwansa na baya-bayan nan, matsakaicin awon gida a littafin da ɗansa ke rubutawa 132 bisa 80 ne. Kiriyatinin 118, wanda a shekarunsa ke nuna ƙarfin tacewa wajen 60, wato ƙodar ba ta koma yadda ake so ba kuma mai yiwuwa ba za ta koma ba. Fotasiyam 4.6, furotin a fitsari ya ragu zuwa ɗan ɓurɓushi, tari babu. Magani wata-wata 'ya'yan ke saya masa a kantin magani mai rajista, suna duba lambar NAFDAC, duk da tsadar da ta biyo bayan faɗuwar naira tun 2023.

Gwiwar ce ba a gama da ita ba. Paracetamol da man shafawa na diclofenac, wanda kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini, suna rage zafin amma ba sa kai ƙarfin haɗi, shi ma bai ɓoye ba. Da na matsa ya amsa cewa lokacin girbi ya karɓi ƙulli sau biyu. Hoton gwiwa ya nuna guringuntsi ya cinye sosai a ta dama. An rubuta masa takardar ganin likitan ƙashi a Birnin Kebbi, an kuma ba shi ranar sake gwajin ƙoda da fotasiyam bayan wata uku.